Jinjina ga Masu Haɗa Takardu a Oforikrom

A ƙananan shagunan buga takardu da ke tsakanin Anloga Junction da Tech Junction a Kumasi, akwai samari da 'yan mata da ba su cika samun yabo ba, alhali neman gurbin karatu da na aiki na 'ya'yan zango da yawa ta hannunsu yake bi.

Jami'ar KNUST da shagunan nan duk suna cikin yankin Oforikrom, wanda ya samu majalisarsa a 2018. Shafukan neman gurbi sukan buƙaci takardu a fayil ɗaya na PDF, tsarin da kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993. To, ga uba ya zo da leda: sakamakon jarrabawar WASSCE, takardar haihuwa duk ta yamutse, Ghana Card gaba da baya, wani hoton kuma yana cikin WhatsApp.

Nan gwanintar take. Yarinyar shagon za ta ce, "Baba, zauna ka huta." Ta miƙe takardar da tafin hannu, ta ɗauki hotonta a na'ura, ta juyo shafin da ya fito kai a ƙasa, ta jera su yadda aka nema. Mafi wuya shi ne rage nauyin fayil: a matse shi ya shige, amma hatimi da lambar jarrabawa su karantu sarai. Idan dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya katse aiki, ta sake daga farko ba tsaki.

Na fi girmama masu goge kwafin katin mutum daga kwamfuta a gabansa, su kuma tura masa fayil ɗin a waya don amfanin gaba.