Hausar Littafi da Hausar Gida

Sanin kowa ne Daura ita ce uwar Hausa Bakwai, rijiyar Kusugu kuwa tana nan har yau. Amma abin mamaki, yaron ƙasar Daura, kamar na Babban Mutum can bakin iyaka a kan hanyar Magarya, ran da ya shiga makaranta sai a nuna masa wai bai iya Hausa ba. In ya ce "tahiya", malam ya ce "tafiya". In ya rubuta "hita", a ja masa jan layi. Gyaran ba laifi ba ne. Laifin yana ga malamin da kan ƙara da cewa wannan maganar ƙauyawa ce, yara su fashe da dariya.

To, ita Hausar littafin nan daga ina ta fito? Mutane ne suka zauna suka shirya ta. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, sa'an nan a 1912 ya tsara ƙa'idodin rubuta Hausa da boko. Da yake Kano ce babbar kasuwa, can kuma aka fara aikin, sai aka ɗora rubutun bisa Hausarta. Daga baya Dokta East da Malam Abubakar Imam suka ƙarfafa shi a Zariya, musamman da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fita a 1939. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don ta daidaita rubutu. Ashe ke nan zaɓi aka yi, ba wai an auna an ga Kananci ya fi sauran tsarki ba.

Zaɓin yana da amfani, ba shakka. Da kowane gari zai rubuta yadda yake faɗi, da littafin da aka buga a Zariya ya wahalad da mai karatu a Sakkwato, da takardun ofis sun rikice. Saboda haka wajibi ne yaro ya ƙware da Hausar littafi, don da ita za a jarraba shi, da ita zai rubuta wasiƙa.

Amma raina Hausar gida hasara biyu yake jawowa. Ta farko, yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya yakan kama bakinsa, wanda kuwa ba ya tambaya ba ya koyo. Ta biyu, an toshe masa hanyar gadonsa. Wanda aka koya wa cewa "sunka" da "munka" kuskure ne, yaya zai ɗauki waƙoƙin Nana Asma'u da na sauran malaman jihadi, waɗanda ke cike da su? Bargery ma, da ya buga babban ƙamusunsa a 1934, bai zubad da kalmomin Katsina da Sakkwato ba, tattara su ya yi, ya nuna inda kowace ta fito.

Wannan rigima ba a nan kaɗai take ba. A Amurka, a garin Ann Arbor, iyayen waɗansu yara baƙar fata sun kai ƙara, har a 1979 alƙali ya hukunta cewa dole malamai su san irin Turancin da yaran ke yi a gida in suna so su koya musu na littafi. A Nijeriya kuwa, dokar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen gida, a 2025 gwamnati ta ce a koma Turanci tun daga farko. Yaron Babban Mutum ke nan tsani biyu ke gabansa, watau Hausar littafi da Turanci. In an karya masa zuciya a matakin farko, ina zai sami ƙarfin hawa na biyu?

Abin da ya kamaci malami kaɗan ne. Ya rubuta kalmomin biyu a allo gefe da gefe, ya ce wannan ta baki ce, wannan ta alƙalami, kowace da wurinta. Iyayen da suka yi karatun yaƙi da jahilci su ma su lura, kada su riƙa kunyatad da yaro don ya yi magana irin ta kakansa. Mai riga biyu ya san wadda zai sa gona da wadda zai sa ran salla, ba ya ƙone ɗaya don ya sami ɗaya. Allah ya sa malamai su gane, amin.