Lauyan da Ya Koma Tatsuniya: Sharhi a Kan Littafin Derrick Bell

Ranar 1 ga Janairun shekarar 2000, wasu manyan jirage daga wata duniya suka sauka a gaɓar tekun Atlantika ta ƙasar Amurka. Baƙin da suka fito daga ciki sun zo da haja iri uku: zinariyar da za ta biya bashin da ya yi wa ƙasar katutu, da sinadaran da za su wanke ruwa da iskar da masana'antu suka gurɓata, da makamashi marar haɗari da zai maye gurbin man fetur da kwal. Farashin da suka yanke guda ɗaya ne, a ba su dukkan baƙar fatar Amurka su tafi da su. Ba su faɗi abin da za su yi da su ba. Suka ba da wa'adin kwana 16.

Wanda ya ƙaga wannan labari farfesan shari'a ne, sunansa Derrick Bell. Labarin ɗaya ne daga cikin babukan littafinsa na 1992 mai suna Faces at the Bottom of the Well, wato Fuskoki a Ƙasan Rijiya. Da'awar littafin tana rubuce a bangonsa: wariyar launin fata a Amurka ta zauna daram, ba mai tafiya ba ce. Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce, me ya kai masanin doka ga tatsuniya, kuma shin tatsuniyar ta iya ɗaukar kayan da ya aza mata?

Kafin a auna maganar, ya kamata a san mai ita. An haifi Bell a birnin Pittsburgh a 1930. A 1959 yana aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Amurka aka nemi ya fita daga ƙungiyar NAACP mai fafutukar 'yancin baƙar fata, sai ya zaɓi ajiye aikin. Daga baya ya shiga sahun lauyoyin asusun shari'a na ƙungiyar, inda ya kula da ƙararraki kusan 300 na haɗe makarantun baƙaƙe da na farare a kudancin ƙasar. A 1971 ya zama baƙar fata na farko da ya samu kujerar farfesa ta dindindin a tsangayar shari'a ta Jami'ar Harvard. A 1990 ya tafi hutu ba albashi, ya ce ba zai dawo ba sai tsangayar ta ba mace baƙar fata irin wannan kujera. Bayan shekara biyu jami'ar ta ɗauka ya bar aiki, a shekarar da littafin ya fito. Saboda haka mutumin da ke cewa doka ba za ta kawo ƙarshen wariya ba, a zauren kotu ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya ga jiya, ya ga yau.

Tushen tunaninsa yana cikin wata maƙala da ya buga a mujallar shari'a ta Harvard a 1980, a kan shari'ar Brown. A wannan shari'a ce, ranar 17 ga Mayun 1954, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa kundin tsarin mulki, ta juya baya ga ƙa'idar da ta kafa a shari'ar Plessy ta 1896. 'Yan makaranta a Amurka suna karanta Brown a matsayin ranar da gaskiya ta yi halinta. Bell ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Baƙar fata sun shekara da shekaru suna kai irin wannan kuka kotu ana korar su, to me ya sauya a 1954? Amsarsa ita ce, a lokacin Amurka na tsaka da yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, tana zawarcin ƙasashen Afirka da Asiya masu neman 'yancin kai, wariyar da ke cikin gidanta kuwa ta zame mata abin kunya a idon duniya. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ta yi masa suna, wadda za mu iya kira dacewar buƙatu: baƙar fata suna samun abin da suke nema ne kawai idan buƙatarsu ta zo daidai da ta farare masu mulki, da zarar buƙatun sun raba hanya kuma sai a janye tabarma.

Wannan ba zato ba ne kurum. A takardar da gwamnatin Amurka ta shigar gaban kotun a Disamban 1952, ta ambaci ɓarnar da wariya ke yi wa sunan ƙasar a waje. Masaniyar tarihin shari'a Mary Dudziak ta tono takardun gwamnati, ta ƙarfafa wannan karatu a littafinta Cold War Civil Rights na shekarar 2000. Kuma shekara goma bayan hukuncin, yaran baƙar fata da ke zama aji ɗaya da farare a jihohin kudu ba su kai kashi 3 cikin 100 ba.

Labarin 'yan kasuwar sama wannan ƙa'ida ce aka kifa. Idan ana ba ka haƙƙi ne don amfanin wani, me zai faru ranar da amfaninsa ya koma ga sayar da kai? A nan ne gwanintar Bell take, kuma gwanintar lauya ce. Babu sojan da ya yi juyin mulki a labarin, babu wanda ya yaga tsarin mulki. Komai bisa ƙa'ida aka yi shi. Majalisar ministoci ta zauna ta tattauna. Aka nemo wa cinikin suna mai daɗi, aka kira shi hidimar ƙasa, kamar yadda ake ɗibar samari aikin soja. Aka rubuta gyaran tsarin mulki, aka kai shi ga ƙuri'ar jama'a, kashi 70 cikin 100 suka amince. Kotuna ba su tsayar da komai ba. Mai karatun da zai ce ai kotu ba za ta yarda da wannan ba, tarihi yana da amsarsa: a 1944, a shari'ar Korematsu, Kotun Ƙoli ta amince da umarnin da ya kai ga tsare mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan, akasarinsu 'yan ƙasa. Abin da ke tsinka zuciya a labarin shi ne yadda zaluncin ya zo da takardunsa cikakku, da hatimi da sa hannu.

Wuri na biyu da labarin ya yi zurfi shi ne dalilan masu adawa da cinikin. Manyan 'yan kasuwa sun ƙi shi, amma ba don tausayi ba. Suna tsoron rasa masu sayen kayansu, suna kuma tsoron cewa idan baƙar fata suka tafi, talakan farar fata zai rasa wanda zai raina, ya ɗago kai ya ga wanda ke danne shi. Wannan ce ma'anar rijiyar da ke sunan littafin: mutum yana rataye a kusa da ƙasanta, amma muddin yana hango wata fuska a ƙarƙashinsa, sai ya manta cewa shi ma a cikin rijiyar yake.

Tauraron labarin, Farfesa Gleason Golightly, baƙar fata ne mai ra'ayin mazan jiya da ke ba shugaban ƙasa shawara, kuma shi ne mutum mafi rai a duk littafin. Ya san farare ciki da bai saboda ya daɗe yana cin tuwo da su. Ya ba shugabannin baƙar fata shawarar su daina roƙon adalci, su yi shelar cewa suna murna da tafiyar domin gidan ni'ima za a kai su, ko hassada ta sa farare su soke cinikin. Aka yi watsi da shawararsa don ana ganin ta zubar da mutunci. Dabarar Gizo ce, kuma Bell bai gaya mana ko da ta yi aiki ba. Ya bar mu da tambaya mai nauyi a fagen ɗa'a: idan gaskiya ba za ta cece ka ba, ƙarya kuma tana iya ceton ka, wacce za ka riƙe? Shi kansa Golightly, da aka yi wa alƙawarin barinsa ya tsallaka Kanada da iyalinsa, an tare shi a kan iyaka. Ranar 17 ga Janairu, ranar tunawa da Martin Luther King, aka jera mutane cikin sarƙa zuwa jiragen, hoton da ke mayar da mai karatu ga jiragen bayi.

To sai dai littafin yana da rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. A matsayin adabi, yawancin babukan ba su kai wannan labari ba. Da yawansu hira ce tsakanin marubucin da wata ƙagaggiyar lauya, Geneva Crenshaw, wadda ta riga ta fito a littafinsa And We Are Not Saved na 1987. Geneva ba ta da yunwa ko ƙishirwa, ba ta da abin da take so wa kanta. Aikinta ta kawo labari, marubucin ya yi 'yar gardama, ta kayar da shi. Mai karatun Magana Jari Ce ya san wannan salo na koyarwa ta bakin mai ba da labari, amma akun Abubakar Imam yana da wayo da tsoro da son kansa, shi ya sa muke tuna shi ko mun manta darasin. Mutanen Bell kuwa sau da yawa allunan rubutu ne aka sa wa riga. Har a labarin 'yan kasuwar sama, miliyoyin da za a sayar ba mu ji muryarsu sosai ba. Ba mu shiga ɗakin wata uwa a daren ƙarshe ba. Marubucin da ke kukan an mayar da mutanensa haja, shi ma ya fi nuna mana su daga nesa.

Rauni na biyu ya fi wannan girma, kuma shi ne abin da masana irin su Daniel Farber da Suzanna Sherry suka tsaya a kai a littafinsu Beyond All Reason na 1997. Tatsuniya ba hujja ba ce. Kashi 70 da suka amince da cinikin, Bell ne ya zaɓi adadin. Da wani ya rubuta labarin ya ce kashi 70 sun ƙi, ba mu da ma'aunin da za mu ce wane ya fi gaskiya. A kotu ana yi wa mai shaida tambayoyin ƙure, amma wa zai ƙure wanda ya ƙirƙiri shaidun da alƙalin da hukuncin gaba ɗaya?

Ita ma ƙa'idar dacewar buƙatu tana da wannan matsala, kamar yadda Justin Driver ya nuna a wata maƙala ta 2011. In baƙar fata sun ci nasara, a ce buƙatar farare ce ta dace da tasu. In sun faɗi, a ce buƙatun ne suka saɓa. Ƙa'idar da ba abin da zai iya ƙaryata ta, ta kusa zama aƙida. Tana kuma rage wa masu gwagwarmaya ladansu. A jihar Mississippi, baƙar fatar da ke da rajistar zaɓe ba su kai kashi 7 cikin 100 ba a 1964. Bayan dokar 'yancin zaɓe ta 1965, zuwa 1967 sun kusa kashi 60. Mutane sun sha duka, wasu sun rasa rayukansu kafin a samu wannan doka. A ce duk lissafin masu mulki ne ya kawo ta, an yi musu rowa.

Duk da haka, shekarun da suka biyo bayan rasuwar Bell a 2011 sun sa da wuya a yi masa dariya. A 2013, a shari'ar Shelby County, Kotun Ƙoli ta soke sashen dokar 1965 da ke tantance jihohin da sai sun nemi izinin tarayya kafin su sauya dokokin zaɓensu. A Yunin 2023 ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, a shari'ar da ta shafi Harvard ɗin da Bell ya bari. Wannan bai tabbatar da cewa wariya ba za ta taɓa gushewa ba, domin babu wanda ya san gobe sai Allah. Abin da ya tabbatar shi ne ƙaramar da'awar da ke cikin babbar, cewa haƙƙin da kotu ta bayar, kotu na iya karɓe shi.

A ganina, a nan ya kamata a ajiye littafin. Wanda ya karanta shi a matsayin hujjar ilimi zai same shi da giɓi. Wanda ya karanta shi a matsayin gwaji zai amfana, irin gwajin da malamin shari'a ke yi wa ɗalibai idan ya ƙirƙiro mas'ala mai tsanani don a ga inda ƙa'ida za ta karye. Bell ya ɗauki dokokin Amurka kamar yadda suke, ya aza musu kaya mafi nauyi, ya tambaya wane sashe ne zai hana. Maƙalar mujalla ba za ta kai wannan tambaya ga direban tasi da ɗalibar sakandare ba. Labarin ya kai ta, har tashar HBO ta mayar da shi fim a 1994.

Akwai masu cewa littafin yana kashe gwiwa. Bell ya amsa musu da labarin wata dattijuwa da ya sani a Mississippi a shekarun 1960, wadda ta ci gaba da fafutuka duk da ta san ƙarfin ba ɗaya ba ne, domin a wurinta ƙin sunkuyawa shi kansa nasara ne. Ban tabbata wannan amsa za ta ishi kowa ba. Yawancin mutane suna shuka ne don suna sa ran girbi, kuma jagoran da ya ce wa jama'a su fito amma ba za su ci ba, zai waiwaya ya ga sahu ya ragu. Amma Bell bai nemi kowa ya yi abin da shi bai yi ba. Ya ajiye aikin gwamnati a 1959, ya rasa kujerar Harvard a 1992, kuma mace baƙar fata ta farko da ta samu wannan kujera, Lani Guinier, sai a 1998 ta same ta, shekara shida bayan tafiyarsa.