Fuskokin Punisher da Matsalar Mayar da Shi Fim

A cikin littattafan komik na Amurka, wato mujallun da ke ba da labari ta hanyar jerin zane-zane da 'yan kalmomi kaɗan, akwai wani nau'in tauraro da za a iya kira gwarzo mai tabo. Shi ne wanda labari ya zaunar a kujerar jarumi, mai karatu yana bin sa yana fatan ya kai gaci, alhali hanyoyinsa na mugu ne, ta yadda ba a iya yaba masa da zuciya ɗaya, ba a kuma iya juya masa baya. Mai kallon da ya saba raba taurarin fim gida biyu, jarumi da bos, zai tarar da irin wannan tauraro tsaye da ƙafa ɗaya a kowane gida, kuma babu wanda ya fi nuna wahalar wannan tsayuwa kamar Frank Castle, wanda aka fi sani da Punisher, wato mai hukuntawa.

Marubuci Gerry Conway da masu zane John Romita babba da Ross Andru ne suka ƙirƙiro shi, ya fara bayyana a fitowa ta 129 ta mujallar The Amazing Spider-Man a shekarar 1974, kuma ya shigo ne a matsayin abokin gaba wanda wani mugu ya yaudara ya tura shi farautar Spider-Man. Tarihin da aka ba shi daga baya gajere ne: tsohon sojan Amurka ne da ya yi yaƙin Biyetnam, 'yan daba suka kashe matarsa da 'ya'yansa biyu a wani dandalin shaƙatawa na birnin New York saboda sun ga kisan da bai kamata su gani ba, shi kuma ya sa riga mai zanen ƙoƙon kai a ƙirji ya ɗauki doka a hannunsa. Abin lura a wannan fuska ta farko shi ne an ajiye shi kusa da jarumin da ba ya kisa, saboda haka kullum mai karatu yana da ma'aunin da zai auna shi da shi.

Daga 1986, lokacin da Steven Grant da Mike Zeck suka ba shi jerin labari nasa na kansa, ma'aunin ya gushe, ya zama shi ne tsakiyar labari, ya kuma yi farin jini a kasuwa har aka riƙa fitar da mujallu da dama da sunansa. Wannan fuska ta biyu ba ta da zurfin da za a daɗe a kanta, domin bindiga da yawan gawa ne jarinta.

Sauyi mai ma'ana ya zo ne ta hannun Garth Ennis, marubuci daga Arewacin Ayalan, wanda ya zana wa tauraron fuskoki biyu da suka sha bamban. A jerin fitowa 12 da ya fara a 2000 tare da mai zane Steve Dillon, ya cakuɗa zubar da jini da barkwanci mai ɗaci, ya kewaye Castle da maƙwabta raunana da mugaye masu ban dariya. Daga baya, a labarin Born na 2003 da kuma fitowa 60 da ya rubuta daga 2004 zuwa 2008 a ƙarƙashin tambarin MAX na manya, ya cire dariyar gaba ɗaya, ya bar Castle ya tsufa da shekarunsa, sannan ya kawo tunanin da ya girgiza tushen labarin, cewa tun a Biyetnam mutumin ya kamu da son yaƙi, mutuwar iyalinsa kuwa ƙofa ce kawai ta buɗe wa abin da ya daɗe yana cikinsa. Da wannan karatu, tausayin da mai karatu ke ji ba ya ƙara zama lasisin kisa, domin an nuna masa cewa ciwon ya girmi musibar.

A nan ne masu shirya fim suke tuntuɓe. Fim na sa'o'i biyu yana buƙatar ƙarshe, kuma ƙarshen da ya fi sauƙin samu shi ne na ramuwar gayya, inda aka zalunci mutum, ya tashi ya rama, aka rufe labule. Amma ramuwa tana da iyaka, tana ƙarewa ranar da makashin ya mutu, shi kuwa Punisher ya ci gaba da kashe mutanen da ba su taɓa sanin iyalinsa ba, shekara bayan shekara, yana alƙali yana mai yanke hukunci yana mai zartarwa. Duk fim ɗin da ya tsaya a kan ramuwa ya ɗauki ɓangaren da kowa ke iya yafewa ya bar wanda ke da nauyi.

Fim na farko, na 1989, wanda Dolph Lundgren ya fito a ciki aka kuma ɗauka a Ostiraliya, ya mayar da Castle tsohon ɗan sanda ya kuma cire masa rigar ƙoƙon kai, abin da masu son komik suka daɗe suna ƙorafi a kai, ko da yake rashin rigar ƙaramin al'amari ne idan aka gwama da rashin Biyetnam. Na 2004, wanda Jonathan Hensleigh ya ba da umarni, Thomas Jane ya fito a matsayin Castle, John Travolta kuma a matsayin mugu, ya aro maƙwabtan nan da ƙaton makashi ɗan Rasha daga labarin Ennis na 2000, amma ya kai labarin birnin Tampa na jihar Florida, ya kuma sa aka kashe dangin Castle kaf a wajen taron zumunci. Yawaita gawarwakin dangi dabara ce ta sayen yardar mai kallo tun daga farko, domin idan zaluncin ya kai haka, babu wanda zai ƙara tambayar ko martanin ya wuce gona da iri. Fim na uku, Punisher: War Zone na 2008, wanda Lexi Alexander ta ba da umarni Ray Stevenson ya ja ragama, ya fi sauran kama da shafin komik a ido, ya kwaso jinin MAX ya bar tunaninsa, kuma a kasuwa ya tara kimanin dala miliyan 10 bayan an kashe masa kusan miliyan 35.

Wanda ya fi kusantar ainihin tauraron shi ne Jon Bernthal a zango na biyu na shirin Daredevil na Netflix a 2016, kuma dalilin ya wuce ƙwarewar ɗan wasan. Shirin ya dawo da ma'aunin da aka yar tun 1986, ya tsayar da Castle gaban Daredevil, lauya makaho mai riƙo da addini wanda ya haramta wa kansa kisa. A wani fage da aka ɗauko daga rubutun Ennis, an ɗaure Daredevil da sarƙa a kan rufin bene, mutanen biyu suka yi ta jayayya a kan ko mai laifi yana da damar tuba, kuma ba a bar ɗayansu ya yi rinjaye cikin sauƙi ba. Dogon shiri mai zango-zango yana da filin irin wannan muhawara, abin da fim ɗaya ke ƙarancinsa.

Batun ba na nishaɗi kaɗai ba ne, domin alamar ƙoƙon kan ta fita daga takarda ta hau motocin wasu 'yan sanda da kayan wasu sojoji a Amurka, har Conway da kansa ya fito ya nuna rashin amincewarsa, yana ganin bai dace masu tsaron doka su ɗauki tambarin wanda ke nuna gazawar doka ba. Hakan na faruwa ne idan aka gabatar da mai ɗaukar doka a hannu ba tare da wanda zai ja da shi ba. Saboda haka, daraktan da zai sake kai Punisher gaban kyamara ya fi dacewa ya ɗauki tushen halinsa daga Born da jerin MAX, ya kuma ajiye masa abokin jayayya mai hujja mai ƙarfi kamar yadda aka yi a 1974 da 2016.