James Baldwin da Magadansa: Wa Ya Gaji Muryar Mai Wa'azi?

An haifi James Baldwin a unguwar Harlem ta birnin New York a 1924, a gidan mai wa'azi ya tashi. Yana ɗan shekara 14 ya fara wa'azi a wata ikilisiyar Fentikos, ya bari yana da 17. A 1948 ya ƙaura Faransa, can ya rasu a 1987. Bai ɓoye cewa maza 'yan'uwansa yake so ba, kuma littafinsa Giovanni's Room na 1956 a kan haka ya tsaya, har kamfanin da ya buga masa na fari ya ƙi karɓa.

Magadansa suna da yawa. Alain Mabanckou na Kwango ya rubuta masa littafi sukutum, Lettre à Jimmy, a 2007, da Faransanci, harshen da ɗaliban Briqueterie a Yawunde suke karatu da shi. Ta-Nehisi Coates ya ari salon wasiƙar da Baldwin ya rubuta wa ɗan ƙanensa, ya rubuta wa ɗansa tasa a 2015. Fushin ya gada, amma shi bai tashi a coci ba, muryar mai wa'azi kuwa ba ta saye a kasuwa.

Inda gadon ya fi nauyi shi ne Go Tell It on the Mountain na 1953. John yaro ne ɗan shekara 14, zuciyarsa tana karkata ga Elisha, wani saurayi a ikilisiya, mijin uwarsa Gabriel kuma yana kallonsa kamar ɗan halaka. Da sauƙi a mai da Gabriel dodo, amma Baldwin bai yi haka ba. Ya durƙusar da shi a wurin addu'a, ya buɗe zuciyarsa, sai ga ɗan da ya haifa a waje ya ƙi amsawa har aka kashe shi. Mai karatu zai ji tsoron mutumin, ya kuma ji tausayinsa. Wanda ya taɓa zama a taron dattawa ana shari'ar ɗan wani ya san wannan fuska.

Marubutan Najeriya sun sake gina irin wannan gida. A Speak No Evil na Uzodinma Iweala, 2018, uba ya ɗauko ɗansa daga Amurka zuwa gida don a yi masa addu'ar kuɓutarwa. Labarin yana da zafi, sai dai uban daga waje ake ganinsa. Chinelo Okparanta ta fi kusa a Under the Udala Trees, 2015. Uwa ce ta zaunar da 'yarta Ijeoma, suna bin Littafi Mai Tsarki aya aya, daga Saduma har Littafin Firistoci. Uwar nan gwauruwa ce, yaƙin Biyafara ya cinye mijinta, tsoronta na gaske ne kada 'yar da ta rage mata ta hallaka. Ijeoma kuma ba jefar da Littafin ta yi ba, tambayoyi take yi daga cikinsa, kamar yadda John yake kokawa a ƙasa gaban bagade har gari ya waye.