Fuskar Aro da Koyar da Ƙirar Tauraron Labari: Sharhi kan Hanyar Kwaikwayo

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wata hanya da ta samu gindin zama a azuzuwanmu na zane, watau a miƙa wa ɗalibi hoton fuskar aro, irin wadda ake sawa a ɓad da kama, ta Batman ko ta wani dodon gargajiya, a ce ya ƙago tauraron labari daga gare ta. Abin da yakan kawo mana galibi ado ne tsantsa: ƙahoni, fiƙoƙi, tsage a kumatu. In aka tambaye shi me tauraron nasa yake ɓoyewa, kuma wa yake ɓoye wa, sai a ji shiru.

A ganinmu laifin na hanyar ne, domin ta fara da siffa alhali mashahuran mazana da dalili suka fara. Alal misali, sa'ad da Steve Ditko ya zana Spider-Man a Amurka a 1962, ya rufe fuskar ruf saboda jarumin yaro ne ɗan makaranta, kada abokan gaba su gane ƙuruciyarsa. Wannan shawara ta jawo wata: tun da babu baki babu gira, sai mazanan da suka biyo baya suka ɗora wa fararen idanun nan biyu aikin nuna fushi da firgita, su tsuke su ko su buɗe. Haka kuma Ralph McQuarrie ya ba Darth Vader, na fim ɗin 1977, na'urar numfashi ne don ya ɗauka zai ratsa sararin da babu iska. Mawaƙin Legas Lagbaja, wanda sunansa ke nufin "wane" da Yarabanci, da ƙyalle ya rufe tasa, domin ya tsaya a madadin talakan da ba a san fuskarsa ba.

Abin mamaki, ɗalibanmu sun san wannan hikima tun suna yara. Yaron da ya manna gemun auduga a tashe, ya duƙa, ya dogara sanda, ya gane cewa gemun kaɗai ba ya tsofar da kowa. Sai an haɗa da tafiya da murya.

Saboda haka muna ba da shawara a jinkirta launi da ado. A fara sa ɗalibi ya rubuta sirrin tauraronsa cikin jimla guda, sa'an nan ya zana inuwarsa baƙa ƙirin, yana tsaye, yana gudu, yana roƙo. A kuma sake duba rabon maki, don muddin tsabtar layi ke kwashe kaso mafi tsoka, waɗannan malaman gobe kwafi za su je su koyar a firamare.