Ɗa'a ko magana? Sharhi a kan tsarin ƙarfafa kyakkyawar ɗabi'a a makarantun Amurka

A cikin wannan ɗan taƙaitaccen sharhi muna so mu duba wani tsarin tarbiyya da ya bazu a dubban makarantun Amurka, wanda ake taƙaita sunansa da PBIS, wato ƙarfafa kyakkyawar ɗabi'a a makaranta baki ɗayanta. Za mu dube shi ne da idon masu nazarin harshe, kuma tambayarmu ɗaya ce: shin yaro mai naƙasa, wanda dominsa aka faro aikin, yana nan a cikinsa har yanzu?

Tushen abin ba a makarantun kowa da kowa yake ba. A shekarun 1980 gardama ta yi zafi tsakanin masana ɗabi'a a kan horo mai zafi da ake yi wa yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa ko otizim idan suna cizon kansu, ko buga kai a bango, ko dukan na kusa da su. A 1985 Edward Carr da Mark Durand suka wallafa wani bincike a kan yara huɗu, wanda a namu ra'ayi shi ne mafi daraja a duk wannan fage. Sun lura cewa yaran ba sa tada rigima haka kawai: wani yakan yi ta idan aiki ya yi masa wuya, wani kuwa idan babba ya ɗauke hankali daga kansa. Sai suka koya wa kowane yaro ɗan gajeren zance, na neman taimako ko na neman a kula shi. Inda zancen ya dace da buƙatar yaron, rigima ta ragu ƙwarai. Inda aka koya masa zancen da bai dace ba, ba ta ragu ba, ko da yake ya iya faɗarsa.

Abin lura a nan shi ne, wannan sakamako na ilimin harshe ne, ko da masu shi ba su kira shi haka ba. Ihu da cizo da jifa da littafi furuci ne mai aiki, kamar yadda Austin ya nuna cewa magana kanta aikatawa ce. Yaron yana roƙo, ko yana ƙi, ko yana kira. Mun san yadda Chomsky ya yi wa littafin Skinner na 1957 kaca-kaca a mujallar Language a 1959, kuma mun daɗe muna koya wa ɗalibanmu cewa shari'a ta ƙare a nan. To amma ga magada Skinner sun dawo da hujjar da ba za mu iya turewa ba: game da wanda ba shi da jimla, aikin furuci ya riga siffarsa.

Daga nan sai tsarin ya faɗaɗa. Dokar ilimin yara masu naƙasa ta Amurka, a gyaran da aka yi mata a 1997, ta wajabta wa masu tsara karatun irin wannan yaro su yi la'akari da hanyoyin ƙarfafawa idan ɗabi'arsa tana hana shi ko wasu karatu. A 1998 aka kafa cibiya ta ƙasa domin yaɗa aikin, wadda sunayen Robert Horner da George Sugai na jami'ar Oregon suka fi fitowa a cikinta. Su ne suka mai da abin na makaranta duka, bisa matakai uku da aka aro daga kiwon lafiyar jama'a. Mataki na farko na kowa ne: makaranta ta zaɓi ƙa'idoji uku zuwa biyar, irin su girmamawa da kiyaye kai, a koyar da su a aji da filin wasa da wurin cin abinci, a yaba wa wanda ya bi, sau da yawa da ƴan tikiti. Ana sa ran wannan ya ishi kimanin kashi 80 cikin ɗari na yara. Kimanin 15 su sami ƙarin kulawa a ƙananan rukuni, sauran 5 kuma a yi wa kowa tsarinsa.

Ba mu musun cewa ya yi amfani. Gwajin da Catherine Bradshaw da abokan aikinta suka yi a makarantun firamare 37 na jihar Maryland, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna raguwar korar yara ta ɗan lokaci da raguwar tura su biron darakta. Kuma duk tsarin da ya ce wa malami ya koyar da ɗabi'a kamar yadda yake koyar da lissafi, maimakon ya jira laifi ya hukunta, ya cancanci a saurare shi.

Sai dai fa a wajen faɗaɗawar an juya alƙiblar zance. A wurin Carr da Durand yaro ne mai magana, babba ne ke ƙoƙarin fahimta. A mataki na farko kuwa makaranta ce mai magana, yaro aikinsa ya ji ya bi. Kuma da me take magana? Da sunaye na ma'ana, rubutattu a bango, waɗanda ko yaro mai cikakken harshe sai a hankali yake mallakarsu. Yaron da ba ya furuci, ko kurman da ba a fassara masa da hannu ba, bangon bai ce masa komi ba. Masana daga cikin gidan sun nuna cewa yaran da ke azuzuwa na keɓe sau da yawa ba a shigar da su wannan mataki, a kan zaton cewa su mutanen mataki na uku ne tun asali. Alhali matakan an ce na taimako ne, ba na rarraba yara ba.

Idan kuma aka zo fassara ma'anar zuwa aiki, sai al'ada ta shigo ta bayan gida. A jadawalin makarantu da dama, girmamawa ita ce kallon mai magana da kwantar da hannuwa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda a wajenmu yaron da ya zuba wa babba ido shi ne maras kunya. Haka kuma manyan mutane masu otizim da yawa sun bayyana cewa haɗa ido yana yi musu nauyi, kaɗa hannu kuwa hanyarsu ce ta kwantar da rai. Ke nan ana iya ba yaro tikiti saboda ya danne abin da ke taimakonsa.

Matsala ta fi fitowa a ma'auni. Babban abin da makarantu ke ƙirgawa shi ne sau nawa aka tura yaro biro. Wannan adadi aikin malami yake aunawa kafin na yaro, domin malami ne ke yanke shawarar turawa. Bugu da ƙari, adadin bai san bambanci ba tsakanin yaron da ya daina ihu domin ya sami hanyar cewa aiki ya fi ƙarfinsa, da wanda ya daina domin ya ga ihun ma ba ya kawo kowa. Duka biyu a takarda nasara ce. Na biyun kuwa shi ne ainihin abin da binciken 1985 ya so ya kauce wa.

Ko sunan tsarin yana da nasa rikici. Kalmar da Faransanci ya mayar positif, kamar yadda ake amfani da ita a makarantun Kebek, ma'ana biyu take ɗauke da su. A bakin almajiran Skinner tana nufin abin da aka ƙara bayan aiki, mai daɗi ne ko maras daɗi. A bakin iyaye da malamai tana nufin mai kyau. Hausa ba ta yarda a haɗa su a kalma guda ba, dole mai fassara ya zaɓa, kuma mu kanmu da muka ce "kyakkyawar ɗabi'a" mun jingina kyan ga yaro, alhali masu faro aikin hanyar babba suke nufi, wato wadda ba ta cutarwa.

A ganinmu makarantar da ke cewa tana bin wannan tsari, tare da adadin masu zuwa biro ya kamata ta nuna wani adadin: yara nawa ne cikin marasa furuci suke da hoto, ko alamar hannu, ko na'ura, da za su ce "a'a" da ita, kuma sau nawa malami ya karɓi wannan "a'a" ya dakatar da aiki.