Jinjina Ga Malaman Malamai

Idan yaro ɗan aji uku ya karanta jimlar Turanci bai yi tuntuɓe ba, malamin ajinsa ake yabo, kuma ya cancanta. Waɗanda ake mantawa da su su ne waɗanda suka horar da malamin, a kwalejojin ilimi da cibiyoyin NTI, hukumar horar da malamai da aka kafa a Kaduna a 1976.

Aikinsu da wuya. Ɗalibi ya zo neman shaidar koyarwa ta NCE, shi kansa Turancin bai zauna a bakinsa ba, amma cikin shekara 3 ake so ya iya, ya kuma iya koya wa yaran da Hausa kaɗai suke ji a gida. Sai su fara daga harshensa. Bahaushe yakan gauraya sautin p da f, yakan kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, don haka suke zaunar da ɗalibi ya saurara, ya maimaita, har kunnensa ya rarrabe. Ba sa kunyata shi, kuma wannan ne ya fi burge ni, domin malamin da aka yi wa dariya a kwaleji tsoron buɗe baki zai kai wa yara.

Sannan su nuna masa yadda ake koyarwa da waƙa da tatsuniya da katin da aka yanka daga tsohon kwali, tunda ajin da zai tarar ba lallai ya sami littafi ba. Lokacin koyarwar gwaji kuma su hau babur su bi shi har makarantar ƙauye, su zauna a bencin baya suna rubuta gyara.